Yadda ake fito da ingancin bindiga mai sakata mai sauƙin kuɗi, mataki bayan mataki

Bindiga mai sakata ita ce raifal ɗin da maharbi ke ɗaga mariƙin sakatarta da hannu, ya ja baya kwanso ya fita, ya tura gaba sabon harsashi ya shiga, sannan ya kulle. Tsarin ya daɗe, domin yawancin na yau sun gaji fasalin da Paul Mauser ya kammala a Jamus a 1898. Abin da ya sauya shi ne kuɗin ƙira: kamfanoni sun fito da samfura masu rahusa irin su Savage Axis, da Ruger American da ta shiga kasuwa a 2012, da Remington 783 ta 2013, da Mossberg Patriot ta 2015. An ce araha ba ta ado, kuma duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu zai ga gaskiyar haka a jikinta, amma sai a lura da inda aka yi tsimin. Bututu da gidan sakata injuna masu aiki da kwamfuta ne ke yanka su, kuma galibi suna fitowa da kyau. Inda ake rage kuɗi shi ne ƙotar roba mai lanƙwasa, da kunama mai tauri, da madubin saiti mai arha da ake haɗawa da bindigar a kwali ɗaya. Waɗannan ukun kuwa duk ana iya gyara su, matuƙar an bi su ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa bayan kowane gyara.

Wannan jagora na wanda ya mallaki bindigarsa bisa dokar inda yake ne, yana kuma gwaji a filin harbi da aka amince da shi. Kafin kowane aiki da za a ambata a nan, a cire gidan harsashi, a buɗe sakata, a duba ciki da ido, a kuma taɓa da yatsa, sannan a kai harsasai wani ɗaki dabam. A filin harbi kuwa ba a barin abin toshe kunne da tabarau, domin ƙarar raifal ta wuce desibel 140, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa.

Mataki na farko: a auna kafin a taɓa komai

Babban kuskuren masu sabuwar bindiga shi ne sayen kayan gyara tun ba su san abin da bindigar ke iya yi ba. Ma'aunin da maharba ke amfani da shi shi ne minti ɗaya na kusurwa, wanda ake rubuta MOA a jikin madubi, kuma ya yi daidai da kimanin santimita 2.9 a nisan mita 100, ko inci ɗaya da ɗan ɗoriya a yadi 100. Yana ƙaruwa daidai da nisa, wato santimita 5.8 ne a mita 200.

A zauna a teburi mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, a ɗora gaban ƙota a kan buhun yashi, a sa ƙaramin buhu a ƙarƙashin gindinta. Ƙota ce ke hawa buhu. Idan bututun kansa ya taɓa buhun, harbin zai tashi sama, gwajin kuma ya tashi a banza. A yi harbi biyar a wuri ɗaya, a bar bututu ya huce har a iya riƙe shi da hannu ba tare da jin zafi ba, sannan a sake, har a samu rukuni huɗu ko biyar. Ina ƙarfafa harbi biyar maimakon uku saboda harsashi uku na iya haɗuwa wuri ɗaya bisa sa'a kawai, mutum ya ɗauki hoton takardar yana murna, alhali washegari ba za ta maimaita ba. Harbi goma ya fi faɗin gaskiya, sai dai ya fi cin harsashi, kuma siririn bututu yana saurin ɗaukar zafi.

Ga yadda ake aunawa: a nemi ramuka biyu da suka fi nisa da juna, a auna daga gefen waje na wannan zuwa gefen waje na wancan, sannan a cire kaurin harsashin. Idan awon ya ba da milimita 46 kuma bindigar .308 ce, wadda kaurin harsashinta ya kusa milimita 8, to rukunin milimita 38 ne, wato kimanin MOA 1.3 idan a mita 100 aka yi harbin. A rubuta wannan a littafi tare da sunan harsashi, nauyinsa, da yanayin iska, kuma a rubuta kowane rukuni, har da wanda ya ɓata rai. Matsakaicin rukunan shi ne ainihin matsayin bindigar. Yana da kyau kuma a san inda aka nufa: bindigar da ke riƙe MOA 1.5 tana zuba harsasanta cikin da'irar da faɗinta bai kai santimita 9 ba a mita 200, kuma wannan ya wadatar ga mafarauci. Mai gasar harbi ne ke da dalilin neman abin da ya fi haka.

Mataki na biyu: sukurori

Wannan shi ne gyara mafi arha, kuma shi aka fi mantawa da shi. Sukurori iri uku ne ke riƙe da saiti: waɗanda suka ɗaure gidan sakata da ƙota, waɗanda suka ɗaure mazaunin madubi da gidan sakata, da na zobban da suka rungume madubin. Ko ɗaya ya yi sako-sako, harbi zai riƙa yawo. Abin da ake buƙata shi ne sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, kuma idan za a sayi kayan aiki ɗaya tak, shi za a saya. Zobban madubi yawanci ana ɗaure su tsakanin inci-laba 15 zuwa 18, wato kusan nuton-mita 2. Wuce hakan yana matse jikin madubin har ya hana kayan cikinsa motsi yadda ya kamata. Sukurorin ƙota kuwa ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai, domin ƙotar katako ko ta roba zalla ba ta jure abin da ƙota mai ginshiƙan ƙarfe ke jurewa, don haka adadin da ke cikin littafin kamfanin shi za a bi. Kafin a ɗaure, a tsayar da bindigar a kan gindinta domin haƙorin ƙarfen da ke tare naushi, wato bugun baya da bindiga ke yi idan ta tashi, ya zauna daram a gurbinsa, a fara da sukurun gaba, a riƙa ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan tsakanin gaba da baya. Sukurorin mazaunin madubi a goge musu mai, a ɗiga musu ɗigo ɗaya na shuɗin gam ɗin kulle sukuru, wanda ake iya kwancewa daga baya. Jan gam ɗin sai da wuta yake sakewa, bai dace da nan ba.

Mataki na uku: madubi da daidaita saiti

Idan akwai wurin da ya cancanci a kashe kuɗi, madubi ne da zobbansa. Ba girman kusantowa ake nema ba, domin madubi mai kusantowa sau 3 zuwa 9 ya isa har mita 300. Abin nema shi ne madubin da ke riƙe saitinsa bayan naushi, wanda kuma idan an murɗa mamurɗin saitinsa taki huɗu zai matsa taki huɗu, ba uku ko shida ba.

Wajen ɗora shi, a sassauta zobba, a ɗaga bindigar zuwa kafaɗa da ido a rufe, a kwantar da kunci yadda jiki ke so, sannan a buɗe ido. A matsar da madubin gaba ko baya har hoton ya cika ba tare da baƙin zobe a gefe ba, da tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da madubi, domin kada naushi ya fasa gira. Madubi ake kawowa wurin ido, ba a miƙa wuya a bi madubi. Idan sai an ɗaga kai kafin a gani, a ɗaura matashin kunci a kan ƙota, ko a koma ga gajerun zobba. Daga nan a sa ƙaramin lebur a kan bindigar, a rataya igiya mai nauyi a ƙasa daga ɗan nesa, a juya madubin har tsayayyen layin gicciyen saiti da ake gani a cikinsa ya kwanta a kan igiyar. A ɗaure zobban a gicciye, ana lura da cewa giɓin hagu da na dama sun yi daidai. Zoben murɗawa da ke jikin madubin kansa ta wajen ido kuma na fito da gicciyen ne sarai: a kalli sararin sama ko farin bango, nesa da rana, a murɗa har layukan su fito tas da kallon farko.

Domin kada a ɓarnatar da harsashi, a zare sakatar gaba ɗaya, a kafa bindigar a kan buhuna, a leƙa ta cikin bututu daga baya har a sa tsakiyar takarda da ke mita 25 a tsakiyar ramin, sannan a murɗa madubi har gicciye ya zo wuri ɗaya ba tare da bindigar ta motsa ba. Harbi ɗaya ko biyu a mita 25 za su tabbatar ana kan takarda, sai a koma mita 100. A nan a yi harbi uku zuwa biyar, a nemi tsakiyar rukunin, da ita ake lissafi, ba da rami ɗaya ba. A madubin da aka rubuta kashi ɗaya cikin huɗu na MOA, kowane taki kimanin milimita 7 ne a mita 100, saboda haka rukunin da ya sauka santimita 6 ƙasa da santimita 3 dama yana buƙatar taki 8 sama da taki 4 hagu. A madubin da ke aiki da mil, wanda shi ma ma'aunin kusurwa ne, taki ɗaya santimita 1 ne cif a mita 100. A mita 25 kuwa sai an ninka takin sau huɗu kafin a samu motsi iri ɗaya.

Mataki na huɗu: maharbin kansa

A nan ne yawancin ɓatan saiti yake, kuma a nan ne mutane suka fi ƙin dubawa, domin ɗora laifi a kan ƙarfe ya fi sauƙi. Hanya mafi sauri ta gane gaskiya ita ce a miƙa wa ƙwararren maharbi bindigar da harsashi iri ɗaya. Idan faɗin rukuninsa bai wuce rabin naka ba, to ba bindigar ce ke buƙatar gyara ba tukuna.

Abu na farko shi ne zaman jiki. Ka zauna a bayan bindigar kai tsaye, ka daidaita gicciye a kan abin bara, ka rufe ido, ka ja numfashi sau biyu, ka saki tsokar kafaɗa da hannu, sannan ka buɗe ido. Idan gicciyen ya kauce, alama ce cewa da ƙarfin tsoka kake riƙe da saitin, kuma a daidai lokacin da harsashi zai fita jiki zai koma inda ya fi masa daɗi. Maganin shi ne ka gyara kujera, ko gwiwar hannu, ko buhun baya, har sai gicciyen ya tsaya da kansa. Hannun da ba ya kan kunama ya koma baya ya riƙe ƙaramin buhun, matsa shi yana saukar da bakin bututu, sassauta shi yana ɗaga shi. Nauyin kunci a kan ƙota da ƙarfin jingina ta da kafaɗa su zama iri ɗaya a kowane harbi, domin bindigar tana fara ja da baya tun harsashi bai bar bututu ba, kuma duk bambancin riƙo yana bayyana a takarda. Wurin ido ma haka yake: yawancin madubai marasa mamurɗin gefe na daidaita nisa an daidaita su ne a yadi 100, kuma a wani nisan dabam, idan ido ya ɗan kauce daga tsakiya, gicciyen zai yi kamar yana yawo a kan abin bara.

Sai numfashi. Bayan an fitar da iska akwai ɗan tsaiko na daƙiƙa biyu zuwa uku kafin jiki ya nemi wata, kuma a cikin wannan tsaikon ake harbi. Idan ya wuce ba a harba ba, a ɗauke yatsa a sake numfashi, domin riƙe numfashi da yawa yana kawo rawar jiki da dushewar gani. Kunama kuwa da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake danna ta, kai tsaye zuwa baya, ana ƙara nauyi a hankali har ta saki. Bayan harbin a ci gaba da riƙe ta a baya, kunci na kan ƙota, ido na cikin madubi, har bindigar ta natsu. Maharbin da ya iya faɗin inda gicciyensa yake a lokacin da bindigar ta tashi ya fara mallakar harbinsa.

Babban abokin gaba shi ne zabura, wato jiki ya riga naushi motsawa: ido ya ƙifta, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama. Mai wannan ɗabi'a bai san yana yi ba, domin naushin yana rufe ta. Ana tona ta ne da harsashin gwaji marar albarushi, wanda abokin harbi zai cakuɗa cikin na gaske ba tare da ka san gurbinsa ba. Lokacin da kunama ta faɗa kan marar albarushin, za ka ga bakin bututu ya duƙa ƙasa, ba ƙara, ba naushi, sai motsinka kaɗai. Maganinta shi ne yawan danna kunama ba harsashi, cikin bin ƙa'idojin tsaron da aka ambata, da ninka abin toshe kunne, da sauya robar gindin ƙota da mai taushi, da yin atisaye da ƙaramar bindiga irin .22 LR. Sai dai ita .22 ba a danna mata kunama babu komai a ciki sai da harsashin gwaji, domin a samfura da dama allurar da ke bugun gindin harsashi tana iya dukan bakin ɗakin harsashi ta lotsa shi.

Mataki na biyar: harsashi

Bututu biyu da suka fito daga inji ɗaya na iya son harsashi dabam-dabam, don haka sai an gwada. A sayi iri uku ko huɗu masu nauyi dabam, duka na lambar da aka buga a jikin bututun, a yi wa kowanne rukuni uku a rana ɗaya. Murɗin layukan cikin bututu yana taƙaita zaɓi: bututun .223 mai zagaye ɗaya cikin inci 12 ya dace da harsashi mai nauyin giren 55 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), amma dogon harsashi mai giren 77 yana buƙatar zagaye ɗaya cikin inci 8. Ramin da ya fito a kaikaice maimakon zagayayye shaida ce cewa murɗin bai isa ba. Idan an dace da wanda bindigar ke so, a sayi da dama masu lambar ƙira ɗaya, kuma mafarauci ya tuna cewa harsashin gasa ba a yi shi domin buɗewa a jikin dabba ba, ya zaɓa daga cikin na farauta.

Mataki na shida: ƙota

Lokacin harbi bututu yana kaɗawa kamar tsumagiya, kuma abin da ake so shi ne ya kaɗa iri ɗaya kowane lokaci. Idan gaban ƙota yana taɓa shi yau, gobe bai taɓa ba, kaɗawar ta bambanta. A zura takarda mai ɗan kauri tsakanin bututu da ƙota, a ja ta daga gaba har kusa da gidan sakata, sannan a maimaita bindigar tana kan buhu ko kan ƙafafunta biyu, domin ƙotar roba takan lanƙwashe ne idan nauyi ya hau ta. Inda takardar ta maƙale, a cire ƙarfen daga ƙota, a naɗa samfefa a jikin sanda mai kaurin bututun, a goge kaɗan, a mayar a gwada. Ƙotar katako a shafa mata fenti mai hana ruwa a inda aka goge. Akwai siraran bututun da suka fi harbi da kyau idan ƙarshen ƙota na ɗan tokare su, shi ya sa kafin a goge komai yake da kyau a sa siririn kati a ƙarƙashin gidan sakata ya ɗaga bututun, a harba, a gani ko akwai riba.

Gyara na gaba shi ne yi wa gidan sakata shimfiɗar gam na ifoksi a kewayen haƙorin tare naushi da ƙarƙashin sukurori, domin ƙarfe ya zauna a gurbi ɗaya kullum. A shafe duk ƙarfen da sukurorin da kakin da ke hana gam kamawa, a toshe kowane rami da yumɓun roba, a cire kunama, a karce cikin ƙotar domin gam ya samu wurin riƙo, a bar shi kwana ɗaya cikakke. Wanda ya manta da kaki ya haɗe bindigarsa da ƙota har abada, don haka mai shakka ya kai wa maƙerin bindiga. Bindigar da ta zo da tubalan ƙarfe a cikin ƙota, irin Ruger American, ba ta cika buƙatar wannan ba. Idan kuma ƙotar ta yi laushi da yawa, sauya ta da ta katako mai falle-falle, irin wadda kamfanin Boyds ke yi, ya fi yi mata faci.

Mataki na bakwai: kunama

Kunama mai nauyin kilo 2.5 ko fiye tana sa hannu ya ja bindigar kafin ta saki. Ga farauta, kilo 1.4 zuwa 1.6 ya dace. Samfura da yawa sun zo da sukurun daidaitawa, kamar AccuTrigger ta Savage, da ta Ruger American wadda ke tsakanin laba 3 zuwa 5, kuma a tsaya cikin iyakar da littafi ya faɗa. Inda babu wannan, a sayi cikakkiyar kunama daga kamfani irin Timney. Abin da nake hanawa da babbar murya shi ne goge haƙoran kunama da magagari ko yanke sifirin, domin haka ake samun bindigar da ke tashi da kanta. Bayan kowane gyara, bindiga babu harsashi, a rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, a buga gindin ƙota a kan tabarmar roba, a sa makullin tsaro a danna kunama sannan a cire makullin. Idan allura ta faɗa ko sau ɗaya, ba za a ɗura mata harsashi ba sai maƙeri ya duba ta.

Mataki na takwas: wanki da karanta takarda

A wanke bututu daga baya, ta wajen sakata, da sanda ɗaya mai rufi da abin da ke tsayar da ita a tsakiya, domin leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa harsashi, kuma ƙaramin tsagi a wurin yana watsa rukuni. Bayan wanki, harbi biyu ko uku na farko sukan kauce kaɗan, don haka ba da su ake gyara saiti ba.

Takardar kanta tana nuna inda matsala take. Ramukan da suke hawa sama yayin da bututu ke ɗumi suna nuni ga zafi ko ƙota mai taɓa bututu. Waɗanda suka bazu hagu da dama galibi iska ce ko fizgar kunama, kuma tasirin iska a mita 200 ya kusa ninki huɗu na tasirinta a mita 100. Rukunin da ya rabu gida biyu yana nufin wani abu na motsi, sukuru ko cikin madubi, sai a koma mataki na biyu, idan bai warware ba a ari madubin da aka amince da shi a gwada. Bayan an kammala gyare-gyaren, a sake tabbatar da saitin da harbin farko na bututu mai sanyi a ranaku dabam-dabam, a takarda ɗaya, domin wannan harbin ne mafarauci zai dogara da shi. Sannan a bar teburi a gwada a kwance, a zaune, da kan sandunan tallafi, a takarda mai da'irar da faɗinta santimita 20 ne, ana ƙara nisa da mita 25 kowane lokaci. Nisan da harbi ya fara fita daga da'irar, a rubuta shi a littafin, kuma nisan da aka gwada kafinsa shi ne iyakar da za a tsaya a kai a fili.